Jerin Ƙasa a Bakin Rijiya

A Boɗinga, zamanin da ayarin jakai ke bin hanyar Sakkwato kuma kuɗi wuri ne, an yi wani dattijo mai haƙar rijiya da ake kira Attahiru. Daga Danchadi har Shagari, da wuya ka sha ruwan rijiya mai zurfi ba a ce maka da hannunsa a ciki ba. Sai dai samarin lokacin babu wanda ya taɓa ganinsa cikin rami. Abin da suka sani, a bakin rijiya yake zama, bisa wani tsohon buzu, da ɗan ƙoƙo a hannu. Duk kwandon ƙasar da aka jawo sai ya sa yatsa ya murza, wani lokaci ma ya kai hanci. In an ci gaba guda, wato tsawon hannuwa biyu a miƙe, sai ya ɗebi ƙoƙo ɗaya ya zuba gefen buzunsa. Haka zai yi ta jera 'yan tarin ƙasa, ja da fari da baƙi, kamar mai tallan kayan yaji, har a tad da ruwa.

Cikin masu yi masa aiki akwai ɗan ƙanwarsa, Lirwanu. Saurayi ne marar yawan magana, mai faɗin ƙirji, kuma in ya riƙe dagi, wato sandan nan mai bakin ƙarfe da ake sarar ƙasa da shi, babu mai kamo shi. Abin da mutum biyu za su haƙa a wuni, shi kafin la'asar ya gama. Yana girmama kawunsa ƙwarai. Amma can cikin zuciyarsa, inda ba ya bari kowa ya leƙa, yana ganin aikin rijiya a ƙasa yake. Zaman buzu da jerin ƙasa ya ɗauke su hutun tsufa ne, wanda kawu ya cancanta.

Wata shekara, bayan an gama sussukar gero, kurkunu ya kama Attahiru a idon sawu, ya kwantar da shi. Ana cikin haka sai ga Arɗon wasu makiyaya da ke zaune yamma da Shagari ya iso. Tun bara Attahiru ya je ya duba musu wuri, ya kafa turke kusa da wani gawo, ya ce in rani ya yi zai zo.

Bayan an gaisa, an sha ruwa, Arɗo ya ce, “Malam Attahiru, tabkinmu bana bai cika ba. In ya daɗe shi yi kwana arba'in. In ba mu samu rijiya ba, tashi za mu yi, mu yi kudu da shanu. Mu dai ba komi. Mahaihiyata ta, Inno, ƙahwahunta ba su ɗaukar wagga tahiya, kuma ta ce ko an aza ta bisa sa ba ta zuwa.”

Attahiru ya dubi ƙafarsa, ya dubi Lirwanu da ke tsugune bakin ƙofa.

“Ga mai yi muku,” in ji shi.

Arɗo ya juya ya dubi saurayin. “To, in kai kac ce.”

Da Arɗo ya tafi, Attahiru ya sa aka ɗauko masa buzun da ƙoƙon, ya tura su gaban Lirwanu.

“Kowace gaba, ƙoƙo guda. Ka aje inda kake ganin su.”

“To, Kawu.”

“Ka jiya?”

“Na jiya, Kawu.”

Ya naɗe buzun ya ɗaure da igiya, amma hankalinsa na wajen maƙeri, ko ya gama gyara masa bakin dagi.

Su huɗu suka tafi da jaki guda. Akwai Abdulƙadir, ɗan Attahiru na cikinsa, taubashin Lirwanu, ƙaton mutum mai son barci da dariya, wanda tun farko ya ce shi igiya ta ishe shi, kada a ɗora masa mutane. Akwai kuma wa da ƙani 'yan Danchadi, Amadu da Ummaru. Amadu ya girmi Lirwanu da shekara goma.

A hanya Abdulƙadir ya ce, “Yanzu mi za mu riƙa ce maka? Sarkin rami?”

“Ka ce Lirwanu.”

“A'a, girma ya zo. Ranka shi daɗe, jakinka ya gaji, a sauke mai kaya a aza maka?”

Lirwanu ya yi murmushi.

Sun iso washegari da hantsi. Turken na nan inda aka kafa shi. Suka yi bismilla, suka zana da'ira, Lirwanu ya tuɓe riga ya fara sara. A al'adar Attahiru, masu haƙa karɓa-karɓa suke yi: wannan daga safe zuwa hantsi, wancan zuwa azahar, haka dai. Da lokacin Amadu ya yi, ya leƙa ya ce, “Hito in karɓe ka.”

“Bari in ƙarasa wanga gefen,” in ji Lirwanu.

Gefen nan bai ƙare ba sai da rana ta yi sanyi. Washegari ma haka. Lissafinsa mai sauƙi ne: kwana arba'in ne a hannu, shi ya fi kowa sauri, to me zai sa ya hau sama ya zauna yana kallo? Shugaba ai shi ya kamata ya fi kowa shan wuya. Da wannan tunani yake sauka da sanyin safiya, ba ya fitowa sai salla. Sauran ukun suka koma masu jan igiya. Kwando ya fito, su juye a wuri guda, su mayar. Tarin ƙasa ya tashi kamar suri. Buzu kuwa Abdulƙadir ya shimfiɗa shi gindin gawo yana miƙe baya a kai, ƙoƙon kuma ya zama na shan fura.

Kullum da hantsi Inno takan zo, tana dogara sanda, wata jikanyarta Hajara na biye da ƙwaryar nono. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, idonta tangaran. Ranar kwana na biyar ta tsaya ta dubi tarin ƙasar, ta dubi buzun.

Ta ce da Abdulƙadir, “Kai, mai tumbi, ba ku na yaran Attahiru ba?”

“Mu na, Inno. Ni ma ɗansa na. Ba ki ga kama ba?”

“Shi ba ya da tumbi. Ina jerin ƙasarku? Sanda yay yi rijiyar Shagari ina da goyon Arɗo, kullum sai na tsaya na ƙirga su.”

“Sarkinmu na bana ba shi jeri, Inno. Tari shikai.”

“Ina shi?”

Abdulƙadir ya nuna ramin da baki. Tsohuwa ta leƙa, ba ta ga komai ba sai duhu, sai ƙarar dagi.

“To,” in ji ta. “Allah shi ba da sa'a.”

Maganar ba ta kai kunnen Lirwanu ba. Wanda ke gaba huɗu cikin ƙasa ba ya jin abin da ake faɗi a sama, sai in an leƙo an ɗaga murya.

Cikin kwana goma sha biyu ya ci gaba shida. Makiyaya na zuwa suna leƙe suna jinjina kai, shi kuma yana jin daɗi, ko da yake bai nuna ba. Abin da bai lura da shi ba, Amadu da Ummaru sun daina hira da shi. In ya fito cin tuwo, sai su gaishe shi da aiki kamar baƙo.

Rana ta goma sha uku, gab da azahar, yana sunkuye yana cika kwando sai ya ji wani abu na zubo masa a ƙeya, siriri, kamar ana barbaɗa gari. Ya share, ya ci gaba. Can sai ya ji muryar Ummaru daga sama, ba da ƙarfi sosai ba amma a tsaye.

“Lirwanu, kama igiya. Bar kwandon. Kama yanzu.”

Bai taɓa jin Ummaru ya yi masa magana haka ba, shi ya sa ya kama. Abdulƙadir ya ja shi kamar guga. Ƙafarsa na taɓa bakin rijiya, sai suka ji wani sauti mai nauyi daga ciki, kamar an sauke buhu. Ƙura ta taso a hankali. Da ta kwanta suka leƙa. Bango ya zube daga wajen gaba ta biyar, ya binne gindin, da kwando da dagi duka.

Abdulƙadir ne ya fara magana, muryarsa ba ta wasa ba. “Alhamdu lillahi da ba da kai ba.”

Lirwanu ya zauna a ƙasa. “Mi yaf faru? Bangon lahiya lau nib bar shi.”

“Rairayi na,” in ji Amadu. “Hwari, mai gudu. Shekaranjiya waccan yah hito cikin kwando, kwando goma sha. Da ɗanyensa shina tsayawa, in ya sha iska shi zube.”

“Ka gan shi?”

“Na gan shi.”

“Ba ka hwaɗa ba.”

Amadu ya dube shi, ba da fushi ba. “Wa zan hwaɗa ma? Kai ka sare shi da hannunka. Nic ce ka sani. Mu dai jakai muke, mu ja mu zubar.”

Da yamma Arɗo ya zo ya duba. Bai yi faɗa ba. Ya ce kowane aiki da ƙaddararsa, ya gode Allah da babu rai. Sannan ya ce, a hankali, zai sa a fara duba hanyar kudu, don kada tafki ya ƙafe suna zaune. Wannan sanyin maganar ya fi zagi yi wa Lirwanu zafi. Ya waiga ya ga Amadu da Ummaru na naɗe tabarminsu.

Ya je ya tsuguna gabansu. “Ku ba ni kwana biyu. In tahi in ga Kawu in dawo. In na dawo kuna son tahiya, ba ni hana ku.”

Amadu ya saki tabarmar ya ce, “Don Malam Attahiru. Kwana biyu.”

Ya kama hanya da asuba, ya shiga Boɗinga rana na shirin faɗuwa. Ya tarar da kawunsa a zaure, ƙafa a miƙe, yana naɗe kurkunun a jikin tsinke. Kullum ɗan kaɗan yake naɗawa ya bari, don in aka ja da ƙarfi ya tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura. Lirwanu ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya faru bai rage ba.

Attahiru ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “Kowa lahiya?”

“Lahiya, Kawu.”

“To, madalla. Kawo ƙasar in gani.”

“Wace ƙasa?”

“Jerin.”

Lirwanu ya sunkuyar da kai.

“To hwaɗa mani da baki. Gaba ta hwarko?”

“Ja.”

“Ta biyu?”

“Ja... da tsakuwa, ina ji.”

“Ta ukku? Ta huɗu?”

Ya yi ƙoƙarin tunawa. Abin da ya tuna shi ne taurinta da laushinta a bakin dagi, da zufa, da ɗan farin da'irar sama. Launi kuwa, daga gaba ta uku duk ƙasa baƙa ce a idonsa.

“Ban sani ba, Kawu. Ciki da duhu.”

“Awo, da duhu,” in ji dattijon. “Shekara goma sha biyar niy yi ciki, na sani. Na ƙasa hannu garai, ido na bisa. Kai ka tahi da ido cikin rami, ka bar mutum ukku da igiya.” Ya ɗan murza tsinken. “Ba a rasa wagga rijiya ba. A kwashe abin da yaz zube, a ɗaure bangon da itacen marke, a cusa ciyawar gamba bayansa ta tare rairayi. Wa ya iya ɗauri cikinku?”

“Sai in gwada.”

“Ban ce kai ba. Wa ya iya?”

Lirwanu bai sani ba.

“Amadu. Sau ukku shina yi mani, kana can ƙasan wata rijiya kana sara. Wa yac ce ka kama igiya?”

“Ummaru.”

“Kunne garai. Shina jin bango kahin shi motsa. Abdulƙadir kuwa, ragon ga nawa, in ka tura shi roƙon abu ba a hana shi. Shekara shidda kana tare da su.”

Ba da faɗa ya faɗi wannan ba. Kamar mai ba da labarin kasuwa ya faɗe shi. Lirwanu ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai.

“Kawu, ko dai a ba Amadu? Ya girme ni, ya hi ni sani.”

“Da shi nika so da shi nib ba. Amadu in ya yi hushi shiru shikai. Kai kuwa ka tako daga Shagari don ka ce ka yi kuskure. Tahi ka ci tuwo.”

Da ya koma, ya tarar da su gindin gawo. Bai zauna ba sai da ya je gaban Amadu.

“Yaya Amadu, na yi muku ba daidai ba. Ku gahwarce ni. Ina son ka hwaɗa mani abin da yah hito kowace rana, tun daga hwarko.”

Amadu ya tashi ya ɗauki fartanya. “Baki na mantuwa. Taho.”

Ya kai shi wajen babban tarin, ya sare shi daga gefe kamar mai yanka tuwo. Sai ga ƙasar a shimfiɗe, launi bisa launi, amma a juye: ta ƙarshe a sama, ta farko a gindi. Abdulƙadir ya wanke ƙoƙon da ya sha fura da shi kwana goma sha biyar, ya miƙo yana cewa amana ce ya riƙe. Suka ɗebo ɗaya bayan ɗaya. Ja, ja da tsakuwa, marmara, wata rawaya-rawaya, sannan farin rairayin, sannan laka mai ruwan toka. Lirwanu ya shimfiɗa buzu a bakin rijiya, ya jera su shida. Ya sa yatsa cikin farin, ya ga yadda yake zubewa ba ya riƙe kansa. Da ya gan shi da rana tun farko, da ko yaro ya san ba a barinsa haka.

“Itace nawa kake so?” ya tambayi Amadu.

Amadu ya faɗa. Ya fi ƙarfin mutum huɗu.

Nan Lirwanu ya gamu da aikin da ya fi sara wuya a gare shi. Dole ya je wurin Arɗo, mutumin da ya fara duba hanyar kudu saboda kuskurensa, ya roƙi hannu. Ya ɗauki Abdulƙadir suka tafi tare, amma a hanya ya ce masa, “Ni zan hwara. In na kakare ka tayar da ni.” Ya kuwa kakare sau biyu. Duk da haka ya faɗi gaskiya: abin da ya zube, dalilin zubewar, abin da suke bukata, da cewa ba ya alkawarin ruwa kafin tafki ya ƙafe, amma yana sa rai.

Arɗo yana jujjuya sandansa. Inno ce ta yi magana daga ƙofar bukka.

“Ba shi samari. Gamba kuwa ni zan sa mata su yanko. Yaro, ka jera ƙasar?”

“Na jera, Inno.”

“To gobe ina zuwa in ƙirga.”

Kwana tara aka yi ana kwashe abin da ya zube ana ɗaure bango. Amadu ne a ciki yana jera itace, yana faɗin yadda yake so, Lirwanu a sama yana isar da maganar ga samarin Arɗo. Da aka koma haƙa, ya raba lokaci: Ummaru da safe, Amadu zuwa azahar, wani saurayin makiyaya mai ƙarfi da suka koya wa riƙon dagi zuwa la'asar. Shi yana bisa buzu.

Zaman nan bai zo masa da sauƙi ba. In ya ji ƙarar dagin wani tana tafiya a hankali, tafin hannunsa har ƙaiƙayi yake. Sau da yawa yakan miƙe tsaye ya kama bakin rigarsa, sai Abdulƙadir ya ce, “Ranka shi daɗe, ƙaya ce a buzun?” Sai ya koma ya zauna. A hankali ya fara ganin abubuwan da bai taɓa gani ba. Ya ga inda igiya ta fara sili kafin ta tsinke. Ya gane cewa in kwandon Ummaru ya fara zuwa rabi-rabi, ya gaji ke nan, amma ba zai faɗa ba. Ya gane Amadu na son a tambaye shi kafin a yanke magana, ko da amsar a bayyane take. Ya koyi murza ƙasa, ya sansana, ya jiƙa ta da miyau ya ga ko za ta dunƙule. Abin da bai gane ba yakan kira wanda ya saro ta ya tambaye shi yadda take a bakin dagi, su haɗa abin da hannu ya ji da abin da ido ya gani.

Tafki kuwa yana ta janyewa. Shanu sai sun kutsa cikin taɓo har gwiwa kafin su sa baki. Wata Laraba Arɗo ya zo ya tsaya kusa da buzun, ya dubi tarin ƙasa tara a jere.

“Bayan Jumma'a za mu ɗaure kaya,” in ji shi. “Na ce in hwaɗa maka da bakina.”

“Na gode, Arɗo. Mu dai muna nan muna yi.”

Ranar Alhamis da hantsi, Ummaru na ciki, wani kwando ya fito da laka baƙa mai sanyi. Lirwanu ya dunƙule ta, ta zauna a tafinsa, ta bar masa danshi. Ya kai hanci. Ƙamshin farkon damina ne. Kwandon da ya biyo baya ya fi shi nauyi.

Amadu ya karɓa ya duba. “Ya kusa. Kahin azahar.” Ya juyo ga Lirwanu ya ce, “Sauka ka hwasa ruwan. Rijiyarka ta hwarko ta.”

Labari ya riga ya kai ruga, mutane sun fara taruwa. Lirwanu ya dubi igiyar. Tun daga Boɗinga yake ganin wannan lokacin a ransa: shi a gindin rijiya, ruwa na tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafarsa, sannan a jawo shi jiƙe kowa na kallo. Har ya sa hannu a wuyan riga.

Sai ya dubi jerin. Ƙarƙashin laka irin wannan, Amadu ya gaya masa, ruwa kan zo da rairayi, wani lokaci a hankali, wani lokaci da gudu. Kwando ne zai nuna, kuma dole wani ya kasance yana kallon kwandon.

Ya sauke hannunsa. Ya leƙa ya ce, “Ummaru, da sauran ƙarhi?”

“Da saura,” murya ta amso daga ƙasa.

“To ci gaba. Sara kaɗan-kaɗan, ka turo mani kowane. Igiya na ƙugunka?”

“Tana nan.”

Ya koma bisa buzu. Kwando uku suka fito da laka. Na huɗu ya zo da laka haɗe da rairayi mai ƙyalli, ruwa na ɗiga ta gindinsa. Na biyar rairayin ya fi lakar yawa.

“Ya isa,” in ji Lirwanu. “Abdulƙadir, jawo shi.”

“Bari in ƙara sara biyu,” in ji Ummaru daga ciki.

“A'a. Hito. In ya lahwa mu ƙara gobe.”

Aka jawo Ummaru, wandonsa jiƙe har cinya, yana dariya ba sauti. Suka leƙa su duka. Can ƙasa, inda da duhu ne kawai, sai ga ɗan farin sama yana rawa.

Suka jira har bayan azahar ruwan ya kwanta. Aka saki guga. A al'adar masu rijiya, gugan farko na wanda ya fi kowa shekaru ne a wurin. Lirwanu ya tsiyaya cikin ƙoƙon, ya je ya durƙusa gaban Inno. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi bismilla, ta kurɓa, ta riƙe a baki kamar mai ɗanɗana miya.

“Da ɗan laka,” in ji ta.

“Zai washe, Inno.”

“Na sani. Na Shagari ma haka yay yi.” Ta juya wajen ɗanta. “Arɗo, sai a kwance kayan ga. Ni dama ban ɗaure nawa ba.”

Sun ƙara kwana huɗu suna zurfafa gindin da gyara baki. Ranar tafiya, Lirwanu ya samu tsumma ya yayyaga, ya ƙulle kowane tari daban, goma cif, ya sa cikin burgami, jakarsa ta fata.

Ya tarar da kawunsa ya fara takawa da sanda, kurkunun ya fita. Ya kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya ya jera a gabansa. Attahiru ya bi su da yatsa, bai yi sauri ba. Ya daɗe a kan na biyar. A kan na takwas ya tsaya.

“Wa yas sari wagga?”

“Amadu. Ya ce ta yi mai tauri kamar ƙaho.”

“Haka take. Ka ɗaure ta?”

“A'a. Ummaru ya saurara ya ce ba ta motsi, ni ma na jiƙa ta ta riƙe.”

Dattijo ya gyaɗa kai. Lirwanu ya ɗauko buzun a naɗe, da ƙoƙon, ya ajiye kusa da ƙafarsa.

“Mi zan yi da su?” in ji Attahiru. “Wani mutumin Horo Birni ya zo sau biyu shina son rijiya, na ce shi dawo Lahadi. Ka tambayi su Amadu in sun huta.”

Abdulƙadir, da ke jingine da bango yana shan fura, ya ce, “Baba, in dai shi za a bar ma buzun, a saya mani nawa. Bayana ya saba.”

Lirwanu ya ɗauki buzun ya rataya a kafaɗa, ya fita neman Amadu kafin ya kama hanyar Danchadi.